Yayata da Mawaƙiyar Japan

Ina cikin shekarata ta huɗu ta koyarwa a wata lakwal a Mayahi aka kawo mana baƙuwa daga ƙasar Japan. Budurwa ce 'yar siririya, gashinta a yanke daidai kunne, ba ta kai ni shekaru ba. Aikinta zagaya lakwal-lakwal, tana koya wa yara wanke hannu da sabulu da dashen itatuwa a farfajiya. Katanga ɗaya ce ta raba gidan da aka ba ta da namu, don haka tun satin farko muka saba. Ita ce ta fara zuwa aron turmi. Da na bi ta in ga abin da za ta daka, na tarar citta ce ƙwaya ɗaya tak ta jefa cikin turmin da muke surfen gero. Muka yi ta dariya, daga ranar kuma ba mu ƙara jin nauyin juna ba. Madam take kirana, kamar yadda 'yan ajina ke yi.

Wata Lahadi da rana, cikin zafin bazara, na kai mata kwaɗon zogale. Na yi sallama sau biyu ba a amsa ba, sai kiɗa nake ji daga cikin ɗaki. Da na ɗaga labule na same ta zaune a tabarma, ordinatar, wato kwamfuta, a kan cinya, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ajiye kwanon na ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?"

Ta share fuska tana dariya. "Ba kowa, Madam. Waƙa ce."

"Waƙa ce ke sa ki kuka haka?"

Ta matsa mini wuri. "Zauna ki gani."

Wani fili na gani mai rufi, ya fi filin kasuwar Mayahi girma, maƙil da mutane hawa-hawa tun daga ƙasa har kusa da rufin. An kashe fitilu. Kowa na riƙe da 'yar sanda mai shuɗin haske, suna kaɗawa dama da hagu a lokaci guda, kamar gonar gero idan iskar hadari ta bi ta kanta. Can a tsakiya, a kan dandamali, mace ɗaya ce tsaye cikin doguwar farar riga. Ƙawar tawa ta ce taron waƙa ne aka ɗauka a babban birninsu aka sa a faifai, kuma tun tana 'yar kwaleji take son wannan mawaƙiya. Ta ɗora yatsa a wata kusurwa ta allon, can sama, inda ba a ganin komai sai duhu da ɗigo-ɗigon haske.

"Ina nan," in ji ta. "Ranar ina nan."

Na ce zan ga waƙa ɗaya in tashi, don na bar wake a kan wuta. Ban tashi ba sai da maigidana ya ɗaga murya ta bisa katanga yana tambaya ko ƙaurin da yake ji daga gidanmu ne.

Ban ji kalma ko ɗaya daga abin da matar ke faɗa ba, amma muryarta ta kama ni. Siririya ce, tas, ba ta da kauri irin na zabiyoyinmu, sai dai idan ta ɗauke ta sama takan riƙe ta a can har in ji ni ce numfashina ke neman ƙarewa. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa mutanen ne. Duk yawansu ba wanda ya hau dandamali ya yi mata liƙi, ba maroƙi a gefe yana kirari, ba wanda ya miƙe don a san da zuwansa. Idan waƙar ta rawa ce, tafinsu ɗaya ne, kamar hannu biyu ne kawai ke yinsa. Idan kuma ta sassauto, sai wurin ya yi tsit, har kana jin lokacin da take jan numfashi. Na tambayi ƙawata wa ake yi wa waƙoƙin, wane attajiri ko wane ɗan siyasa. Ta yi tunani ta ce ba kowa, waƙoƙin kewa ne da na soyayya da na barin gida. Akwai wani dattijo mai furfura da kamara ta haska sau biyu, sanye da kwat irin ta ma'aikatan buro, yana share ido da ɗan tawul ba ya ko jin kunya. Na daɗe ina tunanin mutumin nan, ko yana da mata, ko ta san inda ya zo.

Ita mawaƙiyar sau shida ta sake kaya. Tsakanin waƙa da waƙa takan tsaya ta yi wa jama'a magana a hankali, kamar tana hira da maƙwabciya, ta yi 'yar dariya ta rufe baki da hannu. Wajen tsakiya ta juya ta kira makaɗanta ɗaya bayan ɗaya, mai ganguna, mai jita, mata uku 'yan amshi, kowa aka tafa masa, ita kuma ta sunkuya masa. Ban taɓa ganin mai waƙa ya sunkuya wa makaɗinsa ba.

Wadda na fi so ita ce wata mai sanyi can kusa da ƙarshe. An janye duk makaɗan sai wani mutum mai tabarau a gaban piyano. Ta cire takalma ta tsaya a gefensa. Ƙawata ta fassara mini: yarinya ce za ta bar ƙauyensu a jirgin ƙasa, uwarta ta rako ta tasha, sai uwar ta duƙufa tana ta gyara ɗaurin kayan 'yar, ta kwance ta sake ɗaurewa, don kada su haɗa ido. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, amma na san wannan uwar. Haka Inna ta yi a tashar Tasawa ranar da zan tafi makarantar horon malamai, ƙunshin ƙuli-ƙuli ɗaya ta ɗaure shi ya fi sau biyar. A tsakiyar wannan waƙa mawaƙiyar takan tsaya cak, hawaye ya zubo mata, ta miƙa makirfo wajen jama'a, su kuma su ɗauki waƙar gaba ɗaya su kai ta ƙarshe. Ƙawata ta ce daɗi ne ya cika ta, ganin irin son da ake yi mata. Haka na ɗauka ni ma.

Da wa'adin ƙawar tawa ya cika bayan shekara biyu, ta raba kayanta ga maƙwabta. Ni ta ba ni tukunyar shinkafarta da faifan. Na ce ba zan karɓi faifan ba, na san matsayinsa a wurinta. Ta ce a can za ta sami wani, a nan kuwa idan ta tafi da shi ba mai kuka ranar Lahadi. Maigidana ya sayo mini injin sede a Maraɗi muka jona da tele. Duk ranar da aka bar mana kuran, wato wutar lantarki, da rana, nakan sa shi ina guga ko ina gyaran kaye, littattafan rubutun 'yan ajina. Har na haddace sautin waƙoƙin ina bi, ban san ko ina faɗin daidai ba. Idan maigidan ya shigo ya same ni a haka sai ya ce da yara, "Ku yi haƙuri da yunwa, uwarku ta tafi Japan, sai ta dawo."

A shekara ta biyu da tafiyar ƙawata Yaya ta zo ta zauna wurina.

Yayata ta girme ni da shekara goma, ita ta goye ni. Ba a sa ta lakwal ba. Tana aure a wani ƙauye kusa da Baudeta, ita da mijinta suna noman gero da gujiya. A duk yankin an san ta da murya. Ba sana'arta ba ce, ba ta taɓa zuwa gidan kowa roƙo ba, amma idan mata suka taru dakan biki ko suna, ita ke ba da waƙa su amsa. Idan aka kifa ƙwarya a kan ruwa aka fara kiɗa, sai an aika an kira ta kafin wurin ya yi armashi. Masu ɗiban ruwa a rijiyar bayan gari suna jiyo ta. Tana ƙaga baiti nan take, ta zolayi dangin ango, ta yabi uwar amarya, ta sa tsofaffi dariya har su riƙe ciki.

Maƙoƙo ya fito mata, shekara da shekaru yana girma tana rufe shi da gyale, har ya fara hana ta numfashi idan ta kwanta. Aka kai ta wani asibiti mai nisa aka yi mata aiki. Likitan ya gaya musu tun kafin a shiga cewa murya na iya canzawa. Aiki ya yi kyau, numfashi ya dawo, amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage wata 'yar raɗa ce mai kaushi, kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma. Sai ka kai kunne kusa kafin ka ji ta.

Sati biyu kawai ta yi a ƙauye bayan an sallame ta, sai mijinta ya kawo ta Mayahi. Ya ce ita ta nema, wai a nan ta fi kusa da masu duba ta. Na gyara mata ɗakin baƙi. Wuni take yi a gindin itacen bedi tana ɓarar gujiya, gyale naɗe a wuya duk zafin nan. Ba ta fita, ba ta son baƙi. Yayar da na sani, wadda ba a zama kusa da ita a yi shiru, ta koma magana da hannu da ka. Ni kuma don kada in tayar mata da hankali na ɓoye faifan a ƙarƙashin kaya, na hana yara waƙe-waƙen lakwal a tsakar gida, ko rediyo idan aka sa kiɗa sai in yi sauri in kashe.

Wata Laraba da yamma, da yake ba ma komawa aji, na ga ta shiga ɗaki ta kwanta. Kewar faifan ta dame ni, na kusa wata ban gan shi ba. Na ciro shi na sa, na rage sauti ƙasa-ƙasa, na kama guga. Ban san lokacin da ta zo bakin ƙofa ba. Da na ɗaga kai na gan ta na yi wuf zan kashe, sai ta ɗaga mini hannu. Ta shigo ta zauna a ƙasa dab da tele, ta yi mini alamar in ƙara sauti.

Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ba ta motsa ba. Ana cikin ta uku ta yafito ni. Na duƙa na kai kunne.

"Wagga mata ba ta da lahiya."

Na ce, "Haba Yaya, lafiyarta lau. Ba ki ga yadda take tsalle ba?"

"Ƙafa ka tsalle. Ni wuya nika diba."

Ta fara nuna mini. Ta ce in lura, duk lokacin da baiti zai hau sama sai matar ta haɗiyi miyau tukuna. Ta ce in ga yadda take karkata kai hagu, tana neman gefen da bai yi ciwo ba. Ga ta nan ta juya wa jama'a baya kamar rawa take, ashe ruwa take kurɓa. Ga inda ta janye makirfo daga baki ta bar wa matan nan uku suka ɗauki saman waƙar, ita leɓe kawai take motsawa tana murmushi. Na ga faifan nan sau ba adadi, ko ɗaya daga cikin waɗannan ban taɓa lura da shi ba.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Ji na yi kamar an aibata wani nawa a gabana. Na ce a zuciyata, mutumin da ke cikin ciwo kowa ya gani sai ya ga mara lafiya. Na koma kan gugata.

Da aka zo waƙar piyano, Yaya ta matsa gaba har gwiwarta na taɓa teburin. Ta sake yafito ni.

"Mai kiɗan nan ya sani. Diba yadda shika kallonta. Ya rage hannu don kada ta yi ƙarhi." Ta saurara kaɗan. "Nan za ta yanke."

Ba ta rufe baki ba matar ta tsaya.

Na ce, "Yaya, wadda ta ba ni faifan tana wurin ranar. Ta ce daɗi ne ya cika ta."

Yaya ta girgiza kai. "Kukan daɗi daban ne. Wagga ta buɗe baki, ta aika a kawo, ba a kawo ba. Na san shi."

Jama'a suka ɗauki waƙar kamar yadda suke yi kullum. Mawaƙiyar na tsaye ba takalmi, hannu ɗaya miƙe da makirfo, ɗayan a ƙirji. A wannan karon na kalli fuskarta da kyau, na ga abin da Yaya ta gani. Tsoro ne a idon, sai daga baya, da muryoyin suka cika wurin, kafaɗunta suka sauka.

Yaya ta ce in mai da baya. Na mayar. Ta ce in sake. Sau uku muka kalli wurin. Sannan ta jingina da bango ta kwance gyalen wuyanta, karo na farko da na ga tabon da rana tsaka, ta ajiye shi a cinya.

"Ba su yi shiru ba," in ji ta.

Na zauna kusa da ita. A hankali, tana hutawa tsakanin magana, ta gaya mini abin da ya kawo ta Mayahi. Kwana biyar da dawowarta daga asibiti aka yi haihuwa a gidan maƙwabtansu, mata suka taru dakan suna. Tana jiyo waƙarsu daga gida, waƙar da ita ta koya musu. Ta ɗauki taɓaryarta ta tafi. Tana sa ƙafa a gidan waƙar ta mutu. Kowa ya sunkuyar da kai, ba ka jin komai sai taɓare a turmi. Suka yi mata sannu da jiki, suka ba ta kujera, suka ce ta huta. Har ta tashi ba wadda ta sake buɗe baki. Tana fita, kafin ta kai ƙofar gidanta, ta ji sun ci gaba, ƙasa-ƙasa.

"Tausayina suka ji, na sani. Amma sai na ji kamar gawa ce ta shigo musu." Ta dube ni. "Na gudo wurinki, ke ma har rediyo kika kashe."

Na kama hannunta ina kuka, ita ce ma ta koma ba ni haƙuri, tana buga mini baya kamar lokacin da nake ƙarama.

Daga ranar faifan ya zama nata. Ta koyi inda ake dannawa, idan na dawo daga lakwal nakan same ta gaban tele da tiren gujiyarta. Ba duka take so ba. Ta ce 'yan rawar da ke bayan mawaƙiyar sun cika rama, a ba su tuwo. Akwai wata gajeriyar riga mai ƙyalli da duk lokacin da matar ta fito da ita sai Yaya ta kau da kai ta ce wani ya taimaka ya miƙa mata zane. Mai gangunan kuwa ta yaba masa, ta ce hannunsa na da hankali, ba ya rigan mai waƙa. Cikin 'yan amshin ta tsakiya ta fi so, ta ce ita ce ke riƙe da uwar ɗakinta, idonta ba ya barin bakinta.

Akwai wani wuri a ƙarshen ƙarshe da ni a da nakan tashi kafin a zo shi, don waƙa ta ƙare. Bayan an yi sallama an kashe fitilun dandamali, jama'a sukan ƙi tashi, su yi ta tafi suna kiranta. Sai ta dawo cikin 'yar riga mai gajeren hannu irin wadda 'yan kallo ke sanye da ita, gashi a jiƙe da gumi. Ta duƙa ta ajiye makirfo a ƙasa, ta ɗora yatsa a leɓe. Wurin ya yi tsit. Sai ta ɗaga muryarta tsirara, ba na'ura, ta yi musu godiya. Abin da ya fito a dishe yake, da ƙyar kamara ta kamo shi. Ta sunkuya ta daɗe ba ta ɗago ba. Yaya ba ta taɓa bari a kashe kafin nan ba. Ta ce mutanen can na sama ba su ji komai ba, amma sun tsaya sun saurara, kuma matar ta san sun saurara.

Na rubuta wa ƙawata ta waya na gaya mata abin da Yaya ta ce. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Ta ce gaskiya ne. Bayan wannan taron mawaƙiyar ta ɓace fiye da shekara, sai daga baya aka ji an yi mata aiki a maƙogwaro. Ita ƙawar tawa tana nan Nijar lokacin, sai da ta koma gida ta sami labarin. Ta ce matar ta dawo waƙa, amma muryar ta yi ƙasa ta yi kauri, ba ta iya hawa inda take hawa a da. Wasu sun ce ba ita ba ce, sun watse. Yanzu a ƙananan zauruka take waƙa. A ƙarshe ta tambaya, yaya aka yi yayarki ta sani?

Na karanta wa Yaya a gindin bedi. Ba ta nuna jin daɗin cewa maganarta ta fito ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko 'yar amshin nan ta tsakiya tana tare da ita har yanzu. Na ce ban sani ba. Ta ce in tambaya. Ƙawata ta ce ita ma ba ta sani ba, ba a cika kula da sunayen 'yan amshi ba. Yaya ta yi tsaki.

Kafin ruwan farko ta ce za ta koma, shuka ba ta jiran kowa. Na so ta ƙara ko wata ɗaya, ta ƙi.

Bayan kaka aka sa bikin ɗiyar ƙanin mijinta. Na shiga mota zuwa Tasawa, daga nan na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Da la'asar mata suka taru a tsakar gida, aka cika babban kwano da ruwa aka kifa ƙwarya. Wata matashiya, matar ɗan maƙwabcinsu, ita ke ba da waƙa. Muryarta ba laifi, sai dai baitocin tsofaffi ne, ta maimaita wannan ta maimaita wancan. Ina zaune ina kallon ƙofar ɗakin Yaya.

Ta fito, ba gyale a wuya. Tana tunkaro su na ji amshin ya fara raguwa, matashiyar ta yi baiti rabi ta tsaya. Yaya ba ta tsaya ba. Ta ratsa tsakiyarsu, ta karɓe ludayi daga hannun mai kiɗa, ta maka wa ƙwaryar har ruwa ya fallatsa wa na kusa. Ta faɗi wata magana, ba wanda ya ji. Wata tsohuwa da ke gefenta ta kai kunne, sannan ta ɗago ta ce da ƙarfi, "Ta ce wa ya ce ku tsaya? Ko mutuwa aka yi?"

Aka fashe da dariya, irin dariyar da ke haɗe da kunya. Yaya ta zauna jikin matashiyar, kafaɗa da kafaɗa, tana kiɗa da hannun dama, bakinta a kunnen yarinyar. Ta raɗa mata baiti, ita kuma ta ɗaga. Na farko a kan san uban amarya ne, wanda ya ƙi jan amalanke ranar kai kaya sai da aka roƙe shi kamar suruki. Mata suka amsa suna dariya. Na biyu a kan ƙanwar ango da ta zo biki da kwano uku a ɓoye cikin zane. Na uku a kaina ne, madam ta Mayahi mai kuka a gaban tele. Duk wanda ke wurin ya san ko bakin wa ke magana.

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Muryar Yaya ba ta dawo ba, har yau. A tsakiyar kiɗan, lokacin da aka ɗauko wata tsohuwar waƙa da aka san ta da ita tun tana budurwa, na ga ta miƙa wa wata ludayin ta tashi ta zagaya bayan rumbu. Na yunƙura zan bi ta, sai na koma na zauna. Matan ba su tsaya ba. Ta ɗan jima, sannan ta dawo da jan ido ta karɓi ludayinta.

Washegari da safe zan tafi, ta jawo ni ɗaki ta ba ni wata kwalba naɗe da tsumma. Zuma ce, baƙa, mai kauri, ta ce wurin wata Bafillatana ta sa aka samo mata ranar kasuwa. Ta haɗa da ƙullin citta da kanumfari. Na fara godiya, ta ce ba nawa ba ne. In aika wa ƙawata ta kai wa matar, ta riƙa sha da ruwan ɗumi da safe, ta kuma bar ruwan sanyi.

Na ce, "Yaya, ƙawata ba ta san ta ba. Daga nesa take ganinta, kamar mu."

"Ba gari ɗaya suke ba? Ta tambaya, a nuna mata gidan."

Na karɓa. Da maigidana zai je Maraɗi na ba shi ya kai gidan waya, ya dawo mini da ita ya ce an ce ba a aika irin wannan zuwa can. Kwalbar ta yi wata biyu a bisa kantar ɗakina ina rasa yadda zan yi. Da tari ya kama yarana na buɗe ta, muka sha har ta ƙare. Na daɗe ina ɓoye wa Yaya, sai da ta zo duba Inna muka haɗu na faɗa mata gaskiya. Ta kalle ni ta kalle ni, sannan ta yafito ni na kai kunne.

"Da na san cikinku za ta," in ji ta, "da ban sa an zaɓo mai kyau ba."